Na daina shan Lexotan kunnena ya kama kuka, dan Allah wa ya taɓa shiga irin wannan?

Malamin Lissafi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, yanzu ƙarfe biyu da wani abu na dare, kowa a gidan ya yi bacci sai ni kaɗai nake ta juyi.

Shekara ɗaya da wata huɗu kenan ƙanina ya rasu a hatsarin mota, ni na je na karɓo gawarsa, to tun daga ranar ban ƙara zama daidai ba. Haka kawai gabana zai yanke ya faɗi ba dalili, ina cikin aji ina rubutu a allo sai in ji zuciyata na dukan uku-uku kamar za ta faso ƙirji, gumi ya keto min, hannu na rawa har alli ya suɓuce, da dare kuma bacci ya ce bai san zancen ba. Na je asibiti aka auna jinina aka ce ya ɗan hau, aka yi gwajin zuciya aka ce lafiyarta ƙalau, likita ya rubuta min maganin hawan jini da Lexotan 3mg, ɗaya da dare na sati biyu. Tsakani da Allah ya ce min sati biyu, ba zan ɗora masa ba.

Daren farko da na sha wlh na yi baccin da rabona da irinsa tun kafin rasuwar. Da sati biyun suka cika maganin ya ƙare sai abin ya dawo, ni kuma ga layin asibiti ga aiki, sai kawai na ɗauki fankon katin na kai wani kemis a unguwarmu, ko tambaya bai yi min ba ya miƙo. Shikenan. Daga ɗaya da dare, bayan kamar wata biyar ɗayan ta daina riƙe ni, na koma ɗaya da safe ɗaya da dare, 6mg kenan kullum.

Kwana goma sha ɗaya da suka wuce wani abokina ya ga katin a aljihuna ya ce kai malam wannan ai dangin su Roche ne da yaran unguwa ke afawa, ka zama ɗan ƙwaya baka sani ba. Da wasa ya faɗa amma maganar ta tsaya min a rai, ina dawowa gida na juye sauran a masai.

Ranar farko ba komai. Ta biyu ba bacci. Daren na uku ina kwance an ɗauke wuta sai na ji wani siririn kuka wiiiiii, kamar gyare amma shi baya tsayawa ya huta, na tashi na cire caja daga soket, na fita tsakar gida na duba mita, na tashi matata na ce kina ji kuwa? ta ce bata jin komai. Sai da na toshe kunnuwana da yatsu na ji ya ƙaru sannan na gane a cikin kaina yake. Duka biyun ne amma na hagu ya fi. Ga kuma wani abu, ƙara kaɗan sai in ji ta kamar an soka min allura, cokali ya faɗi a kwanon silba ko yara su ja benci a aji sai in ji kamar in fasa ihu. Jiki na rawa, wuya ya ƙage, abinci baya shiga.

A kwana na takwas na tsinci guda ɗaya a jakar makaranta, na raba biyu na sha rabi, cikin awa ɗaya kukan ya ragu sosai har na samu baccin awa biyar, washegari da yamma ya dawo kamar da.

To tambayata, maganin nan ne ya lalata min kunne ko me? Zai tafi kuwa ko haka zan ƙare rayuwata? In koma sha ko in daure tunda na riga na yi kwana goma sha ɗaya? Mahaifiyata ta ce wai ana ambatona ne in yawaita salati, ina yi, amma ambaton da ba ya ƙarewa dare da rana kuma?

Bagobiri

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan ƙaninka malam. Ni shawarata kada ka koma, ka riga ka ci rabin yaƙin, ka daure kawai kamar mai barin sigari, sati biyu uku jiki zai ware. In ka koma ka koma gidan jiya. Kunnen kuma ka samu man zaitun mai kyau ka ɗan ɗumama ka riƙa ɗiga biyu-biyu da dare, ka haɗa da azkar da ruƙiyya, wani lokacin abin ba na asibiti bane. Allah ya yaye.

Famasis Zariya

Malam sannu, Allah ya ba ka lafiya ya jiƙan mamaci. Ɗan'uwa Bagobiri ka yi haƙuri, addu'a da azkar babu mai ja, amma maganar ya daure kamar mai barin sigari akwai hatsari a ciki sosai. Sigari in ka yar da ita rana ɗaya wahala za ka sha kawai. Wannan dangin maganin in mutum ya daɗe a kai ya yanke lokaci guda yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ruɗewa, kuma ana rasa rai a haka. Wanda ya yi wata goma sha shida yana sha kullum ba a ce masa ya yi jarumta. Malam in Allah ya kai mu gobe ka je asibiti, goben nan, ka tafi da fankon katin ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha da ranar da ka daina da rabin nan da ka sha, kada kunya ta sa ka rage lissafi, ai kai malamin lissafi ne.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa. Lexotan sunan kasuwa ne, asalin sunansa bromazepam, kuma gidansu ɗaya da diazepam wato Valium ko D5 da ake faɗa a titi, da lorazepam wato Ativan, da clonazepam wato Rivotril, da alprazolam wato Xanax, da shi Rohypnol ɗin da abokinka ya kira Roche. Duk ana ce musu benzodiazepine. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari GABA, shi ne birki, shi ke cewa jijiyoyi ku lafa. Maganin nan aikinsa ya ƙara wa birkin ƙarfi, shi ya sa faɗuwar gaba ke lafawa bacci ya zo. Matsalar in aka ɗau watanni ana taka mata birki daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta sassauta nata, shi ne ka ga ɗaya ta daina riƙe ka ka koma biyu. Ranar da ka juye shi a masai sai ya zama an sako mota a gangara birkinta ya saki. Komai ya tashi, bugun zuciya, rawar jiki, rashin bacci, haske ya dame ka, ƙara ta dame ka.

Kunne kuma ka ɗauka kamar lasifikar masallaci ce da aka ƙure mata murya babu mai magana a gaban makirfon, ai ka san wannan wiiii ɗin da take yi. Hanyar da ji ke bi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa ita ma GABA ne ke daidaita mata murya, in ya yi ƙaranci sai ka fara jin tsuwar da ba daga waje take ba, kuma cokali ya faɗi ka ji kamar an buga ganga a kanka. Likitoci na ce wa kukan tinitus, kuma yana cikin sanannun alamomin yanke wannan magani. Yadda ka ba da labarin ma ya yi daidai, bromazepam rabinsa na fita daga jini cikin kamar awa 10 zuwa 20, to kwana biyu zuwa uku ya kusa ƙarewa a jikinka, lokacin kukan ya fara. Ka sha rabi ya lafa, ya fita ya dawo. Wannan ya fi nuna jijiyoyi ne suka tashi, ba wai maganin ya cinye maka kunne ba kamar yadda allurar gentamicin kan yi. Duk da haka a duba kunnen, don abu biyu na iya haɗuwa.

Yadda ake rabuwa da shi a hankali ne. Sau da yawa likita kan mayar da mutum kan diazepam saboda shi yana daɗewa a jiki, kwanaki yake yi kafin ya fita, to ba a samun wannan hawa da saukar tsakanin safe da dare. A ƙiyasi 6mg na bromazepam ya kai kamar 10mg na diazepam. Daga nan sai a riƙa zaftare ɗan kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk sati biyu ko ma fiye, in jiki ya yi ƙorafi a tsaya a wurin har ya lafa sannan a ci gaba. Abu ne na watanni. Wata farfesa a Newcastle ta Ingila, Heather Ashton, ta riƙe asibitin masu barin irin maganin nan daga 1982 zuwa 1994, tsarin da ta bi da marasa lafiyarta shi ya yaɗu a duniya, kuma ita ma ta lissafa kukan kunne cikin alamomin da kan fi jinkirin tafiya, wasu sati-sati, wasu watanni, wasu ya haura shekara yana raguwa. Ba zan ce maka gobe zai ɗauke ba. Ko za a mayar da kai kan magani da kuma nawa, tunda ka yi kwanaki a waje, wannan na likitan da zai gan ka ne, kada ka koma kemis ka yanke wa kanka, kuma kada ka riƙa sha yau ka bari gobe, wannan ya fi komai rikita jijiyoyin.

Abin da za ka kiyaye yanzu, kada ka kusanci tramol, yana sa jijjiga ta fi saurin zuwa. Kodin da giya kuma in sun haɗu da benzo numfashi suke danne wa. In zazzaɓi ya kama ka aka ce taifod ne za a ba ka cipro, ka faɗa musu halin da kake ciki, dangin cipro suna taɓa wurin da GABA ke aiki kuma suna iya tayar da alamomin. Ka rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzarin nan, ba don su ne suka kawo kukan ba, don bacci.

Kuma ka cire maganar ɗan ƙwaya a ranka. Jiki ya saba daban, neman maye daban. Ƙa'idar maganin sati biyu zuwa huɗu ne, kuma ko wanda ya bi umarnin likita sak jikinsa na iya sabawa, har hukumar magunguna ta Amurka FDA a watan Satumbar 2020 ta tilasta a ƙara wannan gargaɗin a jikin takardar duk dangin. Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne mai miƙo maka shi wata da watanni ba takardar likita, mai kemis doka ma bata ba shi damar sayar da shi ba, mu da muke cikin sana'ar abin na ci mana tuwo a ƙwarya.

Maman Biyu

Malam sannu, karanta rubutunka sai da na yi hawaye don kamar ni ce na rubuta. Ni diazepam ne, shekara uku, bayan na haifi tagwaye bacci ya gagare ni ga yawan tunani, aka rubuta min, daga nan na zarce har 10mg duk dare. Nima na taɓa yankewa rana ɗaya saboda uwar mijina ta gani ta fara magana, kwana shida na yi, ni nawa bai zo da wuri kamar naka ba sai wajen kwana na biyar, kunnena ya ɗauki zuuuu kamar taransfoma, ƙafafuna kamar ana min tafiyar kiyashi, ina tsaye a kicin na ji ƙasa na juyawa na zube, aka kwashe ni sai asibiti. A gida har an fara cewa iska ce, an kawo hayaƙi an kawo rubutu.

Likitar ƙwaƙwalwa ce ta zaunar da ni, kuma dan Allah kada sunan sashen ya tsorata ka, nima da farko cewa na yi ni ba mahaukaciya bace, da na shiga sai na ga mutane ne irina da kai a kan benci, malamai, ƴan kasuwa, matan aure. Ta mayar da ni kan maganin ta rubuta min jadawali a bayan kati. Wata tara na yi ina saukowa. Ina da wani ɗan faranti na tangaran da sabuwar reza, in yara sun yi bacci in zauna in raba ƙwayar 5mg biyu, in raba rabin biyu, wani lokacin ta ruguje ta zama gari in rasa wanne ne kwata, har sai da aka samo min ƴan 2mg sannan abin ya yi sauƙi. A kalandar bango nake sa alama da jan biro duk ranar da aka rage.

Abin da na lura da shi a jikina, duk sanda aka rage, bayan kwana huɗu biyar kukan sai ya ƙaru, ya yi kamar kwana goma yana damuna sannan ya sauko. Karon farko na tsorata na ce shikenan ya dawo, da ya maimaita sau uku sai na gane hanyarsa, in ya tashi sai in ce to baƙon nan ya zo zai tafi. Ƙarshen shi ya fi wuya, daga 2mg zuwa babu sai da na ci wata uku, sau biyu likitar ta ce mu tsaya kada a rage wannan watan, lokacin bikin ƙanwata da lokacin da ɗaya cikin yaran ya kwanta asibiti.

Yanzu shekara ɗaya da wata biyu rabona da shi. Kukan bai tafi gaba ɗaya ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ya koma can ƙasa, sai dare ya yi tsit ko na kwana biyu ban yi bacci sosai ba ko an ɓata min rai nake jinsa. Da rana mantawa nake. Ƙarar kwanuka da ke sa ni toshe kunne ita ta riga tafiya, wajen wata na huɗu.

Abu ɗaya da nake so ka ji, ita faɗuwar gaban da ta sa aka fara ba ka maganin tana nan fa, rufe ta aka yi ba a warkar ba. Ni sai da aka haɗa ni da mai ba da shawara muna zama duk sati biyu, tana koya min yadda zan yi numfashi in abin ya taso da yadda zan daina bin tunanin, aka kuma ba ni wani maganin damuwa daban wanda ba dangin benzo ba. Kai kuma ga rashin ɗan'uwa da ka gani da idonka, ka samu wanda za ka amayar wa da abin da ke cikinka. Kuma in dare ya yi ka ji zuciya na raya maka gara mutuwa da wannan kukan, nima ta raya min, ka tashi matarka ka faɗa mata a lokacin, ka faɗa wa likita, yana cikin abin da yankewar ke kawowa kuma yana wucewa.

Mai Injin Niƙa

Ni dai ban taɓa shan wannan maganin ba amma kukan kunne shekarata bakwai da shi, shi ya sa na ce bari in sa baki. Kada kowa ya ɗora wa ƙwayar laifi duka a manta da kunnen kansa. Ni injin niƙa ne ya yi min, shekara goma sha biyar ina tsaye a kansa daga safe har magariba ba abin toshe kunne, da na je Kaduna cibiyar kunne ta ƙasa aka sa min abin nan a kai ana danna sauti ina ɗaga hannu, aka ce siraran sauti sun tafi a kunnuwan biyu. Malam ka tuna, janareto kusa da tagar ɗakinka? Iyafis har ka yi bacci da shi? Ka taɓa shan kwinin ko an yi maka allurai masu yawa? Don kwinin kam duk wanda ya sha ya san yadda kunne ke toshewa yana kuka. Mai yiwuwa da ma akwai ɗan abin a ƙasa, maganin ya danne shi, da ka cire ya fito fili.

Abin dariyar ma ni da na fara zuwa wani asibiti da kukan, irin wannan maganin naku aka so rubuta min wai don in samu bacci, likitan kunne daga baya ya ce a'a, zai sa ka ji sauƙi na ɗan lokaci amma ba maganin kukan bane kuma in ka saba ka ƙara wa kanka ciwo na biyu. Yau da na karanta labarinku na gode Allah.

Dabarar da ta taimake ni, kada ka zauna a shiru. Shiru shi ne abincinsa. Fanka, ko rediyo ka sa ta tsakanin tasha biyu tana shhh a hankali, ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, amma kada ka ƙure ya rufe kukan gaba ɗaya, ka bar shi daidai yadda za su gauraya, a haka kai ke sabawa. Kuma ka daina toshe kunne kana gwada ko yana nan, yana nan, duk sanda ka leƙa shi ƙara masa girma kake. Auduga ma kada ka cusa ka wuni da ita don gudun hayaniyar yara, kunnen ƙara laushi zai yi, sai dai wurin ƙara ta gaske irin tawa. Ba mu kaɗai bane, wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ce kusan kashi 14 cikin ɗari na manya a duniya na fama da shi, mutum sama da miliyan 740.

Man zaitun kuma Bagobiri, in dodon kunne ya huje ba a ɗiga komai, a bari a leƙa tukuna.

Nas Hauwa

Ƙari kaɗan a kan na Famasis. Malam in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ka jira wayewar gari, jijjiga ko suma, ganin abin da babu ko ruɗewa, ko ka ji kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, shi wannan na ƙarshen kwanakin farko ne ake iya ceto jin, in aka yi sake ya wuce sati biyu abin na wuya. Haka in kukan ya koma bin bugun zuciya fat fat fat, ko ya tsaya a kunne ɗaya tak da jiri, a faɗa wa likitan kunne. Tunda kana da hawan jini a auna shi, yanke maganin nan na iya ɗaga shi, kuma ka tafi da katin maganin jinin a gani ko akwai Lasix, maganin nan mai sa fitsari, ko asfirin mai yawa a ciki, don su ma suna iya kawo kukan kunne. Kwanakin nan ka haƙura da tuƙa babur. In kana Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa da na kunne duka a asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware.

Bagobiri

To Alhamdulillah na ƙaru, wlh ban san yana kai ga farfaɗiya ba, na janye maganar daurewa. Amma azkar dai kada a bari.

Malamin Lissafi

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na bi shawara, washegari yayana ya kai ni, na faɗi komai har kemis ɗin ban ɓoye ba, na zata likitan zai yi min faɗa sai kawai ya ce Allah ya rufa asiri da ban faɗi a aji ba. Jinina ya hau sosai ranar. Ya ɗora ni kan diazepam da dare, ƙasa da lissafin da Famasis ya yi saboda kwanakin da na riga na yi a waje, ya ce ba za a taɓa ragewa ba sai na daidaita, in dawo bayan sati biyu. Maganin yana hannun matata, ita ke ba ni bayan isha'i, ni na ce a yi haka.

Sashen kunne kuma sun leƙa sun ciro datti a na hagun, wani dunƙule baƙi kamar ƙwallon dabino, nas ɗin ta ce aikin tsinken ashana ne da nake sakace da shi ina tura shi ciki, to ka ji Mai Injin Niƙa ka yi gaskiya a nan, yanzu na hagun ya daidaita da na daman. Gwajin ji sai ranar Talata ta sama. Kwinin ban taɓa sha ba amma iyafis kam tun bayan rasuwar da shi nake kwana.

Yau kwana biyar, rawar jikin ta tsaya, ina samun baccin awa huɗu zuwa biyar, kukan yana nan amma ya sauko kamar rabi, jiya har na gama darasi guda ban tuna da shi ba sai da aka buga ƙararrawa. Dare ne dai har yanzu, musamman in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, rediyon nake kunnawa, matata ta ce ita kuma yanzu shhh ɗin ne ke hana ta bacci.

Hajiya Maman Biyu dan Allah ƴan 2mg ɗin nan a famasin asibiti aka samo miki ko a waje? Likitan ya ce za mu buƙace su nan gaba in an fara saukowa, na tambaya a famasi uku da takardata a hannu duk 5 da 10 kawai gare su.